Neman shawara: ina son shiga tseren jirgin ruwa a teku, amma ko a mota amai nake yi

Ɗan Unguwar Sarki:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, don Allah kada a yi mini dariya. Lokacin da nake karatu a Ingila na ji labarin tseren Clipper, inda ake zagaya duniya a jiragen ruwa masu ƙyalle waɗanda iska ke turawa. Robin Knox-Johnston ne ya kafa shi a 1996, mutumin da ya fara zagaya duniya shi kaɗai a jirgin ruwa bai tsaya ko'ina ba, tsakanin 1968 da 1969. Ba sai ƙwararre ba, ka biya kuɗi, a horar da kai mataki 4 a garin Gosport na Ingila, a sa ka cikin ma'aikatan jirgi mai tsawon ƙafa 70. Tafiyar duka kusan mil 40,000 ce, wata 11, an raba ta zango 8. Ni zango ɗaya nake so: ko na farko, daga Ingila zuwa Kudancin Amurka, ko na uku, daga Cape Town zuwa Ostireliya. Zuciyata ta fi karkata ga na uku, don shi ake yi wa kirari.

Ga matsalar: ko Zariya zan je, in na zauna a bayan bas na duba waya, sai amai. Zan iya kuwa? Sannan har yanzu ban gaya wa Hajiya ba.

Ɗan Kawo:
Kai da kogin Kaduna ma sai ta kan gada kake tsallake shi? Kawo kuɗin mu nema maka fili a Rigachikun, ka zauna ka yi ta shan iskar da kake so kyauta.

Baba Kwamanda, Malali:
Wa alaikumus salam. Ɗan Kawo, bar yaro ya yi tambayarsa.

Ɗana, na yi aikin sojan ruwa har na yi ritaya, kuma ba zan ruɗe ka ba: za ka yi amai. Wanda mota ke juya wa ciki, teku ba za ta raga masa ba. Amma wannan ba ya hana mutum zama ɗan teku. Nelson, babban kwamandan ruwan Ingila da suke alfahari da shi, har ya mutu bai rabu da wannan lalura ba. Abin da ke faruwa shi ne, can cikin kunne akwai abin da ke auna motsin jiki. In kana cikin jirgi, ido na ganin bango tsaye, kunne na cewa ana jijjiga ka, ƙwaƙwalwa ta rasa wa za ta gaskata, sai jiri da tashin zuciya. Yawancin mutane kwana biyu zuwa uku jiki ke sabawa. Waɗannan kwanakin ne dai za ka ji kamar ka roƙi a sauke ka, kuma babu tasha.

In ya taso maka, kada ka gudu ciki ka zauna. Ka fito sama, ka kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, in an ba ka sitiyari ka karɓa, don mai tuƙi ya fi kowa samun sauƙi. In dole ka sauka, ka tuɓe da sauri ka miƙe a gado ka rufe ido. Wurin sa kaya da shiga ban-ɗaki ne ya fi kayar da mutane. Kada ka bar cikinka fayau, ka riƙa cin busasshen biskit kaɗan-kaɗan. Amai kuma a bokiti. Ban yarda ka leƙa bakin jirgi ba.

Abin da ya fi damuna ba aman ba ne, abin da yake jawowa ne. Mai amai ba ya ci, ba ya sha, sanyi na saurin kama shi, sai hankalinsa ya yi rauni ya manta ɗaura igiyar tsaro. A wannan tseren naka an rasa rai sau uku: biyu a zagayen 2015 zuwa 2016, ɗaya a 2017. Mace ɗaya igiyar ruwa ta share ta a arewacin tekun Pasifik ba ta ɗaure ba. Na 2017 a ɗaure yake, ƙugiyar ce ta lanƙwashe ta saki, kuma a wannan zango na uku da kake marmari abin ya faru. Wanda aka fara rasawa kuwa kusa da gaɓar Fotugal ne, kayan ƙyallen jirgi suka buge shi, wato a zangon da ake ganin mai sauƙi ne.

Duk da haka zango na farko nake ba ka shawara. Za ku sha wuya a mashigin Biscay, daga nan ku faɗa iskar arewa maso gabas mai kaɗawa ba yankewa, dangin wadda ke kawo mana hunturu. Kusa da ikwaita akwai yankin da iska ke ɗaukewa ɗif, zafi kamar ɗakin kwano a watan Afrilu, sai hadari ya taso farat ɗaya a yi ta kokawar rage ƙyalle cikin dare. Wahala ce, amma jikin ɗan Kaduna ya san zafi. Zango na uku kuwa wajen layin digiri 40 na kudu ake bi, inda iskar yamma ke zagaya duniya kusan ba ƙasar da za ta tare ta, igiyar ruwa ta yi ta girma, ruwan da ke zubo maka sanyi ƙarara, kayanka ba sa bushewa har ku isa. In wani abu ya faru a tsakiya, jirgin sama mai saukar ungulu ba ya kaiwa. Wannan ba wurin koyo ba ne.

Ka kuma sani aikin karɓa-karɓa ne dare da rana, barcin awa uku ko huɗu, ku kusan ashirin a jirgi, gado ɗaya mutum biyu, wannan ya tashi wancan ya kwanta.

Anti Nas, Barnawa:
Baba ya gama magana, ni ta fannin magani zan ƙara. Akwai Stugeron, akwai Avomine, akwai kuma wani ɗan filasta da ake mannawa a bayan kunne mai aiki awa 72. Dukansu kafin a tashi ake fara amfani da su, in amai ya riga ya fara ƙwayar ba ta zama a ciki. Suna sa barci, Avomine ya fi. Filastan yana busar da baki, yana sa wasu gani dishi-dishi, kuma mai hawan jinin ido ba ya amfani da shi. In ka manna, ka wanke hannu kafin ka taɓa ido. Ƙanena, ka je wurin likita tun yanzu, ka gwada kowanne kana gida ka ga wanda jikinka ya karɓa, kada ranar tashi ta zama ranar gwaji. Ka tafi da ƙunshin ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa, da citta, tana taimaka wa wasu. In ka yini ka kwana ko ruwa ba ya zama, ko fitsari ya ɗauke, ka gaya wa kyaftin, ba abin kunya ba ne.

Malam na Tudun Wada:
Batun ibada da sauƙi. Ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar, ana alwala da shi. Kai matafiyi ne, kana da ƙasaru. Ka fuskanci alƙibla gwargwadon iko, in tsayuwa za ta kayar da kai ka yi a zaune. Ka sanar da su tun wuri abin da ba ka ci.

Amma ɗana, jimlarka ta ƙarshe ce ta tsaya mini. Wannan tafiya ba farilla ba ce, ba neman abinci ba ce, kuma ka ji Kwamanda ya ce an rasa rayuka. Irin wannan ba a yin ta a bayan idon mahaifiya. Ka je ka zauna gabanta ka faɗa mata komai, har da abin da ba daɗi. In ta ce a'a, magana ta ƙare, kada ka turo mata kawunnai su yi ta lallashi har ta amince don kunya.

Yaya Mai Biza, Kasuwar Barci:
Kafin ka biya ko sisi, ka lissafa biza. Da fasfo ɗinmu kana buƙatar ta Ingila don horo da tashi, da ta duk ƙasar da jirgin zai tsaya. Ka tambaye su a rubuce me zai faru da kuɗinka in an hana ka.

Ɗan Unguwar Sarki:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Allah ya gafarta Malam, na ji, ranar Juma'a zan je gida. Baba, na haƙura da na uku. Amma ta yaya zan san ko ina cikin waɗanda jikinsu ba ya sabawa sam?

Baba Kwamanda, Malali:
Akwai su, kaɗan ne, kuma ba a ganewa daga tudu. In Hajiya ta yarda, kafin ka zuba kuɗin zango ka nemi fita ta 'yan kwanaki a irin wannan jirgi, wadda ake kwana a buɗaɗɗen ruwa, ba yawon bakin gaɓa ba. In an kwana uku kana iya cin abinci kana tashi aikinka, za ka iya. Kuma ka fara zuwa wurin koyon iyo tun wannan makon, don na lura ba ka ce ka iya ruwa ba.