Wane suna za mu raɗa wa "zero trust" da Hausa?

Jama'a, musamman 'yan kwamfuta na Samaru da Kongo, ku zo mu yanke shawara kan kalmar nan, mu daina haɗiye ta yadda ta zo.

A da, tsaron na'urorin kamfani tamkar ganuwar Zazzau yake. A tsare Ƙofar Doka, a tsare Ƙofar Kuyambana, wanda ya samu shiga ya zama ɗan gari, ya zaga inda ya ga dama. Ɓarawo ya saci kalmar sirrin ma'aikaci ɗaya, shi ke nan gari ya zama nasa. Yanzu kuwa ma'aikata na aiki daga gida da wayoyinsu, bayanai na can a ma'ajiyar intanet, ganuwar ba ta kewaye komai ba. John Kindervag, wanda a lokacin yake kamfanin Forrester, shi ne ya yayata sabon tsarin, wato "zero trust", a 2010. Google ya gina nasa, BeyondCorp, bayan kutsen da aka yi masa a 2009, hukumar NIST ta Amurka kuma ta fitar da ƙa'idojin "zero trust" a 2020. A wannan tsarin, duk wanda ya nemi buɗe wani abu sai an tantance shi da na'urarsa, ko manajan darakta ne zaune a ofishinsa, kuma iya abin da aikinsa ke buƙata za a buɗe masa.

Wani ya kawo "sifirin yarda". Haba malam! Wannan Turanci ne aka sa wa hula. "Rashin yarda" kuma zargi ne, ka faɗa wa akawu an kafa tsarin rashin yarda a ofis, ya ɗauka ana masa kallon ɓarawo, alhali ba mutumin ake tuhuma ba.

Ni na tsaya kan "tsaron ba-sani-ba-sabo". Magana ce tamu, kowa ya san ta, kuma ta kama ainihin abin: sanayya ba ta buɗe ƙofa, shekarunka a wurin aiki ba sa ɗauke maka tantancewa.

Wata malama ta ce sunan bai nuna cewa tantancewar ba ta ƙarewa ba, ana sake ta ko bayan ka shiga. Gaskiyarki, malama, amma na Turancin ma bai nuna ba. Bayani ne zai cike wannan.

Ku gwada a baki: "Bankinmu ya koma tsaron ba-sani-ba-sabo." In akwai wanda harshensa ya sarƙe, ya kawo wadda ta fi ta.