'Yar juri ta turo saƙo a Facebook ana tsakiyar shari'a: a faɗa wa lauya ko a yi shiru?

Abu Hafsa, Jidda: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema cikin gaggawa. Ɗan yayata yana tsare a Ingila, ana shari'arsa kan zargin ji wa wani rauni, yanzu ana sauraron shaidu. Jiya wata mata ta turo wa matarsa saƙo a Facebook, wai tana cikin mutum 12 ɗin da ke yanke ko yana da laifi, wato juri. Ta ce ta nemi sunan wanda aka ji wa raunin a Google, ta ga abin da ba a faɗa a kotu ba, don haka su kwantar da hankali. Matarsa ba ta amsa ba. Uwarsa tana nan Karantina wurinmu, ta dage a yi shiru tunda 'yar jurin tana goyon bayanmu. Yaya za mu yi?

Alhaji Sabo, Makka: Wa alaikumus salam. Ku ɗaukaka ƙara kawai. Kwana 28 ake bayarwa daga ranar da aka same shi da laifi, kada ku bari ya wuce.

Malama Zulai, Riyad: Alhaji, ba a yanke hukunci ba tukuna, ɗaukaka ƙarar me? Abu Hafsa, ka gaya wa matarsa: kada ta amsa ko da gaisuwa, kada ta goge, kada ta tura wa kowa a dangi. Ta ɗauki hoton saƙon yadda suna, rana da lokaci za su fito, ta kwafi adireshin shafin, ta kai wa lauyansa kafin kotu ta zauna. Lauya zai sanar da alƙali bayan an fitar da 'yan juri. Alƙali zai yi wa 'yar jurin tambayoyi ita kaɗai, ya ji ko ta gaya wa sauran. In ba ta gaya musu ba, yana iya sallamarta a ci gaba, domin doka ta yarda su ragu har zuwa 9. In ta yaɗa, sai a rushe su duka a sake sabuwar shari'a.
Dalilin tsananin shi ne: abin da aka faɗa a kotu, lauyan kowane ɓangare yana iya tsitsiye shi da tambayoyi. Abin da mutum ya karanta a waya cikin dare, babu mai iya ƙaryata shi, kuma wataƙila ma wani mai suna irin nasa ne.

Hajiya Ummi, Madina: Ku da kuke cewa a faɗa, kun san abin da sake shari'a ke nufi? Ɗan maƙwabciyarmu haka aka yi masa. Wani cikin juri ya leƙa intanet, aka rushe komai ana dab da gamawa. Yaron ya koma tsare watanni yana jiran sabuwar rana, mai shaidarsa mafi ƙarfi ya bar ƙasar, aikinsa ya tafi, uwarsa ta sayar da gwal ɗinta. Wanda ya yi laifin leƙen yana gidansa, wanda bai leƙa komai ba yana ɗaure. Har yau in ta ji an ambaci kotu hannunta rawa yake. Uwar nan da ta ce a yi shiru, ba rashin hankali ba ne, tsoro ne.

Malam Nura, Jidda: Allah Ya saka musu, Hajiya, amma shirun ya fi haɗari. A 2010 Joanne Fraill, 'yar juri a wata shari'ar ƙwaya a Manchester, ta yi hira a Facebook da Jamie Sewart, wadda aka riga aka wanke a shari'ar. Shari'ar da ta ci kusan fam miliyan 6 ta rushe, a 2011 aka yanke wa Fraill ɗaurin wata 8, ita ma Sewart da ta amsa an yanke mata wata 2 na jeka-ka-gyara-halinka. A 2012 Theodora Dallas, malamar jami'a, an yanke mata ɗaurin wata 6 don tana cikin juri ta bincika wanda ake tuhuma ta gaya wa sauran. Daga 2015 kuma binciken ɗan juri ya zama laifi mai zaman kansa, har shekara 2, kuma alƙali na iya karɓe musu wayoyi. Saƙon yana nan a wayar mutum biyu. Ranar da ya fito, tambayar farko ita ce me ya sa kuka ɓoye.

Alhaji Sabo: Kuɗin lauya ba matsala ba ne, can gwamnati ke biya, kyauta ne.

Malama Zulai: Ba kowa ba. Ana duba samu. Wanda abin da ke rage wa gidansa a shekara ya kai fam 37,500 ba ya samu, na ƙasa da haka ma wasu ana sa su biyan wani kaso kowane wata.

Hajiya Ummi: In kyauta ne, gwal ɗin maƙwabciyata ina ya tafi?

Ɗan Sabil: Su Alhaji Sabo da aka sa su a juri, da kafin la'asar duk Sharar Mansur ta ji hukunci ta muryar WhatsApp 😄

Alhaji Sabo: Yaro, ka kiyaye ni. Kuma ku masu kawo dokar Ingila, waye lauya a cikinku? A nan Saudiyya alƙali ke yanke hukunci, babu juri, manyan laifuka ma alƙalai 3 ke zama.

Malam Nura: Shi ya sa muka ce a kai wa lauyansa, Alhaji, ba mu ce a bi tamu ba. Amma maganar Ɗan Sabil akwai darasi a ciki. Da an kama ɗan unguwa, sai hotonsa da murya su zagaye rukunoni ana cewa ɓarawo ne tun bai ga alƙali ba. Dokar laifukan intanet ta 2007, sashe na 3, ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1 ko tarar da ta kai riyal 500,000 kan ɓata suna ta waya.

Hajiya Ummi: Ni abin da ya fi ci mini rai a kotunan nan tafinta ne. Ana zama ta bidiyo, tsohuwa ba ta jin Larabci sosai, sauti yana yankewa, a tambaye ta ta gane, ta ce eh don kunya.

Abu Hafsa: Na karanta wa Yaya duka. Ta ce a bari sai ta yi magana da matarsa bayan isha. Hajiya, batun tafintan nan, ana neman sa tun kafin ranar zama ne, ko sai an shiga?