Haɗa faifan PMMA ba tare da magudanan sun lotse ba, ina mafita?

Ɗan_Kimiyya: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, aikina kan ɗan faifan gwaji ne mai siraran magudanan ruwa. Ba mu da injin plasma da ake manna robar silikon mai laushi (PDMS) a kan gilashi da shi, shi ya sa na bar batun PDMS da gilashi na koma Perspex, wato PMMA, mai kaurin milimita 2, wanda nake saya wurin masu allon talla. Su ke yanka min magudanan da leza, faɗinsu wajen maikuromita 300. Murfin ne ya gagare ni. In na matse a tanda magudanan su lotse, in na rage zafi kuma, da na tura ruwa da sirinji sai ya tsiyayo ta gefe. A taimaka don Allah.

Malama_Lab: Wa alaikumus salam. PMMA yana fara laushi wajen digiri 105, to duk wanda ya kai shi nan da matsi mai ƙarfi, dole ya lotse. Amma tukuna, shafa yatsa a bakin magudanar. Za ka ji ɗan tudu, narkakkiyar robar da leza ta turo ce. Wannan tudun ne ke hana murfi kwanciya, shi ya sa yake yoyo. Goge shi a hankali da sanfefa mai laushi, ka wanke, sannan ka gasa faifan a digiri 80 na 'yan awanni ya huce a cikin tandar. In ba ka gasa ba, da sinadari ya taɓa bakin yankan za ka ga tsagewa ƙanana sun bazu.

Daga nan ka ɗiga IPA, wato sifirit ɗin isopropyl, mai kashi 70 tsakanin faifan biyu, ka kori kumfar iska, ka sa su tsakanin gilasai biyu, ka maƙale da matsin takarda, a tanda digiri 70 na kamar minti 15. Kafin ka saka, hura iska da sirinji ka fitar da wanda ya kwanta cikin magudanar.

Injiniya_Bala: Malama ta gama magana, sai dai ni ga mai gwajin farko salatif mai fuska biyu na fi so, irin 3M 468MP. Mai yanka sitika zai fitar maka da siffar magudanar a jikinsa, kaurin salatif ɗin ya zama zurfinta. Ba tanda, ba jiran wuta.

Malama_Lab: Injiniya, in ruwan kala zai tura, ba laifi. In zai dumama samfur ko ya sa sinadari mai narkarwa, gam ɗin zai saki, wani lokaci ma ya gurɓata gwajin. Ɗana, kar wani ya ce maka ka zuba asiton, dusashe faifan zai yi. Kulorofom yana kamawa, amma ba a buɗe shi sai inda ake da akwatin zuƙe iska.

Ɗan_Kimiyya: Na gode Malama, Allah ya saka. Ruwan rijiya ne kawai zan gwada, ba dumamawa. Zan fara da salatif, amma ramukan shigar ruwan fa, kafin haɗawa ake huda su?

Injiniya_Bala: Kafin haɗawa. In ka huda daga baya, garin robar zai cika maka magudanar.