Yaya ake rarrabe cikin mola da ɓarin da mabiyiyarsa ta kumbura?

Dr_Hauwa:
Assalamu alaikum manyanmu. Mace ta yi ɓari a sati na 9, an yi mata wankin ciki, sikanin bai nuna komai na musamman ba. A ƙarƙashin madubi wasu ƴan yatsun mabiyiyar, wato bilai, sun kumbura da ruwa. Me zan duba kafin in rubuta mola, wato cikin da mabiyiyarsa ta yi girma ba bisa ƙa'ida ba, a rahoto?

Malam_Sani:
Wa alaikumus salam likita. Kumburi kaɗai ba hujja ba ne, ɓari na yau da kullum ma yana kawo shi. Ki dubi turofobilas, fatar da ta lulluɓe bilai. A ɓari bilai zagayayyu ne, gefensu sumul, turofobilas kuma siriri ne, in ya yi yawa to a gefe ɗaya kawai. Mola iri biyu ce, cikakkiya da rabi. A cikakkiyar mola turofobilas ya kewaye bilai ta kowane ɓangare, ƙwayoyinsa manya masu baƙin ciki, tsakiyar bilai kuma ta zama kogon ruwa. Babu ɗan tayi.

Amma a sati na 9 kada ki jira ganin ƙullutun nan masu kama da inabi, lokacinsu bai yi ba. Abin da za ki gani shi ne bilai masu kumburarren kai, cikinsu shuɗi-shuɗi cike da ƙwayoyi, da ɓurɓushin matattun ƙwayoyi a warwatse. Nan ake yawan tuntuɓe, a rubuta ɓari, a sallami mace ba bibiya.

Rabin mola kuwa bilai iri biyu ne a gilashin madubi ɗaya: manya masu ruwa da ƙanana busassu. Gefen manyan yana shiga yana fita, kuma sau da yawa akwai jijiyoyin jini ɗauke da jajayen ƙwayoyin ɗan tayi.

Dr_Bilki:
Ƙari a kan bayanin Malam: ki nemi rinin p57, wato rinin da ke nuna ko akwai furotin p57 a nama. Ƙwayar halittar da ke samar da shi ta wajen uwa take aiki, cikakkiyar mola kuwa kuromosom ɗinta, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, guda 46 duk na uba ne. Saboda haka cikin bilai da sitoturofobilas, wato sashen ciki na turofobilas, ba za su kama rinin ba. Sai dai ki tabbata fatar mahaifar uwa da ke gilashin ta kama. In ita ma ba ta kama ba, rinin ne bai yi ba, a sake.

Iyakarsa ke nan fa. Rabin mola da ɓari duka suna kama p57. Mai raba su shi ne gwajin DNA: rabin mola kuromosom 69 ne, kaso biyu na uba, ɗaya na uwa. Inda babu gwajin, gara ki rubuta cewa ba a kawar da yiwuwar rabin mola ba, a bibiyi hCG, sinadarin juna biyu da ake aunawa a jini. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na cikakkiyar mola suna rikiɗewa su buƙaci maganin ciwon daji, rabin mola ƙasa da kashi 5.

Malam_Sani:
Haka ne Hajiya. Kuma likita, kaset nawa aka yanka, wato ƴan akwatunan da ake sa yankan nama? Ɗaya ba ya isa. A ware gudan jini, a ɗauki nama mai bilai aƙalla kaset 3, in da shakka a sa duka. Fomalin, ruwan adana nama, ya ninka naman sau 10, in ba haka ba naman ya ruɓe kafin ya iso ɗakin gwaji.

Dr_Hauwa:
Kaset ɗaya ne. Zan sa a ƙaro yanka yau, in aika p57. Allah ya saka da alheri.