Makaranta ta ce in biya tamin, wato inshorar lafiyar iyalina, da kaina, ina neman shawara

Malamin Lissafi, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama ƙasar nan ta Saudiyya. Ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Jidda, su ne kafilaina, wato masu ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, maiɗakina da yara uku kuma suna ƙarƙashin igamata, wato katin izinin zamana. Biyu daga cikin yaran a makarantar suke karatu, an yafe mini rabin kuɗin karatunsu tun da na kama aiki.

Makon jiya asma ta taso wa ƙaramin cikin dare, muka garzaya mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwarmu. Ma'aikacin da ke kan tebur ya buga lambar igamar yaron a kwamfuta, ya goge ya sake bugawa, sannan ya juyo mini da fuskar kwamfutar in gani da idona: tamin ya ƙare, ba a sabunta ba. Nawa kuwa lafiya lau yake aiki. Daga aljihuna na biya kuɗin likita da na maganin shaƙa. Da gari ya waye na sami mudir, wato shugaban makarantar, ya ce daga bana ni kaɗai za su yi wa inshora, idan ina son a saka iyali sai dai a riƙa cira daga albashina duk wata. Wai rangwamen kuɗin makaranta ya isa alheri, in zaɓi ɗaya. Ga maiɗakina da tsohon ciki, ga igamarsu ta kusa ƙarewa. Shin doka ta ba su wannan damar? In ba ta ba su ba, ta ina zan ɓullo wa lamarin ba tare da na rasa aikina ba?

Direba, Riyad:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Malam, a iya sanina ma'aikaci kawai ake yi wa, iyali kowa da nasa. Ka lallaɓa ka biya kawai.

Akawun Dammam:
Ɗan uwa direba, in dai tuƙin gida kake yi, tsarinku na masu aikin gida daban yake, kada a haɗa shi da na Malam. Makarantar kuɗi kamfani ce mai zaman kanta, dokar inshorar lafiya da aka kafa tun 1999 ta hau kanta kamar yadda ta hau kan kamfaninmu. Ni nake shirya takardun ma'aikata a wurinmu, kullum cikin wannan harka nake.

Malam, abin da doka ta ɗora wa mai ba da aiki shi ne ya yi wa ma'aikaci inshora tare da iyalinsa da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida: matarsa, 'ya'yansa maza har su kai shekara 25, da 'ya'yansa mata muddin ba su yi aure ba kuma ba sa aiki. Kuɗin kuma shi zai biya, ba a ce ya ranta maka ya cire a albashi ba. Wanda ya ƙi, ana tilasta masa biyan duk kuɗin da ya tsallake, a ci shi tara a kan kowane mutum, har ana iya hana shi shigo da sababbin ma'aikata. Wannan na ƙarshen shi ne abin da masu makarantu ba sa son ji, don da yawa daga cikin malamansu daga waje suke ɗauko su.

Abin da mudir ya yi maka shi ne ya haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa. Rangwamen kuɗin makaranta kyautatawa ce, dokar ƙwadago ba ta wajabta shi ba sai in an rubuta a kwantaragi. Tamin ɗin iyali kuwa wajibi ne ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ba zai yiwu ya yi maka kyauta da hannun dama ya ce ta biya bashin da ake bin sa a hannun hagu ba. Abu ɗaya nake roƙonka: duk takardar da za su miƙo maka mai cewa ka amince a riƙa cira daga albashinka, kada ka sa hannu. Dokar ƙwadago ta hana taɓa albashi kan irin wannan ba da rubutacciyar yardar ma'aikaci ba, shi ya sa za su nemi sa hannunka.

Batun igama kuma, ba za ta sabuntu ba sai tamin ɗin kowane ɗayansu ya bayyana a tsarin Jawazat, wato hukumar fasfo da izinin zama. Ka shiga shafin Majalisar Inshorar Lafiya, wato Majlisud Damanis Sihhi, ka sa lambar igamar kowa, ka ɗauki hoton abin da ya nuna ka adana. A nan ɗin ake kai ƙarar kafilin da bai yi wa iyali inshora ba. In rigimar da kamfanin inshora ce, tun 2024 wannan ta koma hannun Hai'atut Ta'min, wato Hukumar Inshora.

Nas a Makka:
Malam, ni cikin Hajiya ne ya fi tayar mini da hankali. Haihuwa a asibitin kuɗi ba inshora ba abin wasa ba ce, balle a ce an kai ga tiyata ko an saka jariri a kwalba. A ƙaramin tsarin da kowace inshora dole ta ƙunsa akwai awo da haihuwa har Riyal 15,000, jariri kuma yana shiga ƙarƙashin ta mahaifiyarsa na kwana 30 daga ranar haihuwa, kafin nan sai an yi masa tasa. To in uwar ba ta da shi, jaririn ma ba shi da shi ke nan. Na sha ganin magidanta a bakin ɗakin jarirai suna kiran 'yan uwa a waya ana haɗa kuɗi, don kawai an yi sakaci da waɗannan kwanakin. Rigakafin yara yana ciki, kaciya tana ciki, har hujin kunnen 'ya mace an ware masa ɗan kuɗi, yawancin mutanenmu ba su ma sani ba.

Idan an zo sabuntawa aka ba ku takardar bayyana lafiya, ku rubuta cikin, ku rubuta asmar yaro. Kada wani ya ce ku ɓoye don kuɗi ya sauka, ranar da kuka fi buƙata ita ce ranar da za a ƙi biya. Sannan ku tambayi jerin asibitocin da katin yake aiki a cikinsu, don wani katin sunansa tamin ne kawai, in ba shi da asibitin haihuwa kusa da ku.

Baba na Madina:
Ɗana, duk abin da Akawu ya faɗa gaskiya ne, amma ka bi a sannu. Mai kwantaragin shekara-shekara ba ya fara da ƙara. Za ka iya cin nasara yau, ƙarshen shekara a ce maka an gode. Ka rubuta wa mudir takarda da Larabci cikin ladabi, ka ce kana tunatar da su ne tamin ɗin iyali ya ƙare kuma haihuwa ta gabato, ka riƙe kwafi. Ka nemi mai makarantar da kansa in da hali, sau da yawa mudir ne yake neman gwaninta da rage kashe kuɗi. Kuma kada zuciya ta ɗebe ka ka ajiye aiki. Kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayansu. Wanda ya ajiye da kansa tsakanin shekara 2 zuwa 5 sulusi kawai zai samu, daga 5 zuwa ƙasa da 10 kashi biyu cikin uku.

Akawun Dammam:
Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda a fara da takarda. Sai dai a saka mata wa'adi na mako guda, don ciki ba ya jiran mudir ya yi shawara.

Malamin Turanci, Jidda:
Abokin aiki, na tabbata ba kai kaɗai aka yi wa ba. Ka tambayi Misirawa da 'yan Sudan da kuke ɗakin malamai ɗaya, in ku shida ko bakwai kuka shiga ofis tare, ba wanda za a ware a ce shi ne mai taurin kai. Ka buɗe Qiwa, shafin gwamnati na kwantaragin ma'aikata, ka karanta kwantaraginka da kyau ka ga ko rangwamen yana ciki. In babu, to ka shirya, za su iya janye shi don huce haushi, kuma ba ka da inda za ka kai kuka. Ka zauna ka yi lissafi tun yanzu, ai fanninka ne. Kuɗin murafiƙin, wato harajin da ake biya kan iyalin da ke ƙarƙashin igamarka, Riyal 400 ne duk wata a kan kowane mutum tun Yulin 2020, mutum huɗu 1,600 ke nan, da jaririn ya shigo ya zama 2,000, kuma wannan a wuyanka yake, ba a wuyan makaranta ba. Na san malamai da dama da suka mayar da manyan yara gida karatu saboda wannan kuɗin kaɗai.

Malamin Lissafi, Jidda:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba Qiwa, rangwamen ba ya ciki, da baki aka yi mini shi. Na kuma yi magana da malamai uku, duk haka aka gaya musu, biyu sun yarda mu je tare, ɗaya ya riga ya sa hannu. Kuɗin da na kashe a mustausaf fa, zan iya neman a mayar mini?

Akawun Dammam:
Ka adana rasit da takardar likita, ka manna kwafinsu a jikin takardar da za ku kai, ka nemi a biya ka tunda sakacinsu ne ya jawo. In mako ya cika ba amsa, ka shigar da ƙorafi a Majalisar. In kuma suka taɓa albashinka, wannan ta Ma'aikatar Ƙwadago ce: ana fara zaman sulhu, in an kasa daidaitawa cikin kwana 21 na aiki a tura kotun ƙwadago. Wanda ya riga ya sa hannun ma ku ja shi ku tafi tare, sa hannunsa bai sauke wa makaranta nauyin da doka ta ɗora mata ba.