Tambaya kan ciwon dajin ƙwaƙwalwa na yara

Wata uwa daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 7 ya daɗe yana amai da sassafe, yana ciwon kai, yana tangaɗi in yana tafiya. Mun ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, sai hoton MRI ya nuna ƙari a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, likitoci suna zaton medulobilastoma ce, wani nau'in ciwon dajin ƙwaƙwalwa. Ko ana warkewa?

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an cire ƙarin an duba shi a ɗakin gwaji. Za a kuma ɗauki hoton laka, a ɗebi ruwanta a gwada, domin wannan ciwo ta cikin ruwan yake yaɗuwa. Bayan tiyata akan yi gashi, wato ƙona ƙwayoyin dajin da hasken na'ura, a kai da laka gaba ɗaya, sannan magungunan kemo masu kashe ƙwayoyin daji, amma yaran da ba su kai shekara 3 ba akan guje musu gashin saboda illarsa ga ƙwaƙwalwa mai girma. Idan bai yaɗu ba kuma an cire kusan dukkansa, yawancin yara suna haye shekara 5 da rai bayan gano ciwon, ko da yake wasu sukan sami matsalar ji, ko girma, ko karatu.

Wani dattijo, Ƙofar Doka:
'Yata, akwai sashen ciwon daji a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Idan aman ya tsananta ko barci ya yi masa yawa, kada ku jira ranar ganin likita, domin yana iya zama alamar ruwa ya taru a kai.