Wa aka kira rago a zauren nan?

Anti Mai Lissafi: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Daga gida nake aikina a kwamfuta, amma kullum sai na yi wanka, na goge kaya, na shirya tsaf kafin in zauna. Jiya a taron bidiyo wata abokiyar aikina ta ce wai wa nake yi wa kwalliya, bango ko kujera? Kowa ya kwashe da dariya. To ni na gwada duka biyun. Ranar da na wuni da kayan barci jikina a mace yake, raina a cunkushe, aikin awa ɗaya sai ya kai ni azahar. Ranar da na shirya kuwa ko muryata a waya daban take fita. Kayan da ke jikinka suna juya maka tunani, ka yarda ko kar ka yarda. Ragwaye ne kawai ke musun wannan.

Ɗan Auta: Anti, ragwaye kuma?

Baban Biyu: Wa'alaikumus salam. Na bi bayaninki lafiya lau har kika zo ƙarshe kika ɓata rawarki da tsalle. Ni da gajeren wando da singileti nake aiki tun kullen korona na 2020, kuma ban taɓa riƙe wa kowa aikinsa ba. Yanzu ni rago ne ke nan?

Anti Mai Lissafi: Yaya, ban kama sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Baban Biyu: Kin ce duk mai musu rago ne, ni kuma na musa. Sai kin kira sunana?

Maman Jariri: Ni ma kalmar ta sosa min rai gaskiya. Rigar da na sa da safe kafin hantsi an yi mata tumbuɗi a kafaɗa, na canza, an sake. Sai na haƙura da tsohuwar da ba na jin ciwonta. Wanda ke ganin ragwanci ne ya zo ya karɓi yaron nan dare ɗaya.

Ɗan Auta: Ai akwai bambanci tsakanin rago da malalaci. Rago ba ya iyawa, malalaci ba ya so.

Baban Biyu: A ina ka karanto wannan? Rago da malalaci duk kanwar ja ce.

Ɗan Auta: Ba ɗaya ba ne Yaya. Ana cewa rago a fagen dambe, ba a cewa malalaci.

Malam Na Aji: Ku yi haƙuri mu koma kan maganar. Abin da Anti ta faɗa an taɓa gwada shi. A 2012 wasu masana biyu a Jami'ar Northwestern ta Amurka, Hajo Adam da Adam Galinsky, sun sa wa ɗalibai farar riga irin ta likita suka ba su gwajin natsuwa. Gwajin shi ne a rubuta kalmar "ja" da koren tawada, a ce ka faɗi launin tawadar, ba abin da aka rubuta ba. Masu farar rigar kurensu bai wuce kusan rabin na sauran ba. A wani zagayen kuma rigar ɗaya ce, amma aka ce wa wasu ta likita ce, wasu aka ce musu ta mai zane ce. Waɗanda aka ce wa ta likita ce suka fi mai da hankali. Ke nan abin da mutum ya ɗauki rigar a ransa shi ke aiki, ba yadin ba.

Anti Mai Lissafi: Alhamdulillahi! Malam Allah ya ƙara ilimi. Ina masu musu?

Likitan Dare: Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. A 2019 wasu sun maimaita wancan gwajin na tawada da mutane masu yawa fiye da na farko, ba su ga wani bambanci ba. Ni kuma farar rigar ce a jikina kusan kullum. Ƙarfe uku na dare in barci ya zo, ba ruwansa da launin abin da na sa. Sannan akwai abin da kowa ya tsallake. Mai fama da ciwon damuwa, daga cikin alamominsa akwai daina kula da wanka da sutura. To wanne ya riga wanne? Kayan ne suka kashe masa jiki, ko mutuwar jikin ce ta hana shi canza kayan? Irin wannan mutumin in ka ce masa rago ka ƙara masa ciwo ne.

Anti Mai Lissafi: Likita, ni ba da marasa lafiya nake ba.

Baban Biyu: Da mu masu lafiya kike ke nan. To mun gode.

Oga Tela: Ni shekara da shekaru ina kallon mutane suna gwada sabon ɗinki a gaban madubi. Mutum zai shigo kafaɗa a sake, yana sa rigar da ta zauna masa sai ka ga ya miƙe, ya ja ciki, ya juya hagu ya juya dama, har maganarsa ta canza. Wannan ba sai an je Amurka ba.

Ɗan Auta: Oga ai kai dole ka ce haka, kasuwarka ce.

Oga Tela: Yaro, ka fara biyan bashin da ake binka kafin ka sa baki a maganar manya.

Malam Na Aji: Har launi ma an duba. A gasar Olamfik ta 2004 a Atina, a dambe da kokawa da taikwando, ba ɗan wasa ke zaɓar ja ko shuɗi ba, raba musu ake yi. Duk da haka masu ja suka ci kusan kashi 55 cikin 100 na karawar.

Likitan Dare: Shi ma da sauran magana. A 2008 a Jamus an nuna wa alƙalan taikwando bidiyon faɗa, sannan aka musanya launukan da kwamfuta aka sake nuna musu. Faɗa ɗaya, amma duk wanda ya koma ja sai makinsa ya ƙaru. Ke nan idon mai kallo ne ya canza, ba zuciyar mai rigar ba.

Jan Gwarzo: Ja ai ja ne! Manchester United, Liverpool, Arsenal. Ku ƙirga kofunan Ingila ku gani.

Ɗan Auta: Manchester City da shuɗiyar riga ta ɗauki Firimiya sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024. Lokacin jar rigarku tana wanki ne?

Jan Gwarzo: Kuɗi ne suka ci, ba riga ba.

Baban Biyu: Real Madrid da farar riga ta ɗauki kofin zakarun Turai 15. Ku yi mana shiru.

Jan Gwarzo: Kai da ko riga ba ka sawa, me ya kai ka maganar launi?

Baban Biyu: Singileti riga ce. Kuma Obama da kansa ya ce kwat toka ko shuɗi kawai yake sawa don kar zaɓen kaya ya cinye masa tunani. Shi ma rago ne?

Anti Mai Lissafi: Kwat ka ce fa Yaya, gogagge. Ba singileti mai huda a hammata ba.

Baban Biyu: Wa ya ce miki da huda?

Maman Jariri: Ni dai har yanzu ba a janye kalmar ba.

Shugabar Zaure: To ya isa haka, na rufe. Ga abin da aka tsayar. Malam ya kawo hujja daga jami'a cewa sutura tana gyara tunani, Oga Tela ya tabbatar da idonsa, kuma an nuna ja yana da nasa sirrin, wanda mu magoya bayan Arsenal mun daɗe da sani. Likita ya kawo 'yan ƙorafe-ƙorafe, mun ji. Kalmar da ake ta hayaniya a kai, ni na san ƙawata tun muna makaranta, ba ta zagi, gaskiya ce kawai take da ɗaci. Maman Jariri an ɗauke miki, uzurinki karɓaɓɓe ne. Baban Biyu kuma a taimaka a nemi riga kafin taron bidiyo na gaba.

Likitan Dare: Hajiya, 'yan ƙorafe-ƙorafe?

*Shugabar Zaure ta takaita tura saƙo ga shugabanni kaɗai.*